Tafiyar Ibro A Gaban Suruki

Asabar ɗin nan na shiga shagon askin layinmu, wanda kuka sani, na jikin mai shayi. An kwashe min ɓarin dama, saura na hagu, sai wani yaro da ke kan benci yana jiran layi ya ɗago kai daga wayarsa ya ce wai shi fa bai ga abin dariya a finafinan Ibro ba, 'yan TikTok sun fi shi iyawa. Yaron da na tabbata lokacin da Ibro ya rasu, a Disambar 2014, ko wanke hanci bai iya ba.

Na ce wa mai aski ya dakata.

Ni dai ra'ayina ba a ɓoye yake ba. Kannywood ba ta yi ɗan barkwanci irin Rabilu Musa Ɗanlasan, wato Ibro, ba, kuma ban ga alamar za ta yi ba. Bosho yana ƙoƙari, Daushe ba laifi, Naburaska ma in ya samu labari mai kyau yana taɓukawa, amma duk sai sun buɗe baki kake dariya. Ibro kuwa shigowa kawai zai yi da doguwar jar hular nan, ya tsaya, ya ƙare wa mutum kallo daga sama har ƙasa, ka ji cikinka ya ƙulle tun bai ce uffan ba. Kuma tsofaffin na fi so, na zamanin kaset, irin waɗanda yake fitowa da su Yautai, ko Tsigai tana matarsa, ana ɗauka a ƙauye, kana jin kukan akuya da ƙarar dakan mata a bayan magana. Da aka samu kyamarori masu kyau da gidaje masu tayil, wani abu ya ragu. Wanda zai yi musu ya yi, ni haka na gani.

Duk wannan na zayyane wa yaron. Har na ba shi tarihi kyauta: mutumin nan fa aikin gandireba ya yi kafin ya rungumi wasa, sannan a 2008 kotun tafi-da-gidanka ta yanke masa wata biyu a kan fim ɗin Ibro Aloko, ya koma gidan yari ta ɗaya ƙofar. Na ce cikin 'yan TikTok ɗin naka wa ya taɓa yin suna har a Yamai da Maraɗi a lokacin da ba data, ba waya mai shafawa? Yaro ya taɓe baki ya ce, "To Yaya, me yake yi na dariyar?"

A nan ne shaiɗan ya ba ni shawara. Na miƙe da ƙyallen aski ɗaure a wuyana. Akwai wata jar hular sanyi rataye a ƙusa, ta ɗan acaɓan nan da ke barin kayansa a shagon, na zaro ta na ɗora a tsakar ka, na ja tsininta sama. Na juya wa ƙofa baya. Na ɗage kafaɗa, na turo ƙirji, na fara takun nan na wanda ya zo cin mutunci alhali in aka yi tari zai arce. Na zare ido. Na murguɗa baki. Na maƙale murya na fara yi wa mai aski masifa, wai ya san ko ni wane ne a garin nan.

Wallahi shago ya ɗauka. Mai shayi ya leƙo da ludayi a hannu. Har yaron sai da ya kifa waya a cinya. Ni kuwa kai ya kumbura.

Sai dariya ta ɗauke ɗif.

Ni a zatona gwaninta ce ta kashe musu baki, don haka na ƙara wuta. Na shiga kashi na biyu, inda abokin faɗa ya ɗauko sanda, jarumta ta ƙare, sai neman hanya. Na ƙwala ihu cikin muryar nan, na tattare ƙyalle da hannu biyu kamar mai tsallaka kwata, na juya da gudu na nufi ƙofa. Na yi karo da farar shadda mai ƙamshin turare.

Alhaji ne. Baban uwargida. Riƙe da hannun ɗana, wanda ya rako shi don ya nuna masa inda Abba yake.

Ku da kuka san Alhaji kun san shekara nawa na yi ina gina mutunci a gabansa. Ban taɓa cin abinci yana kallo ba. In ya kira waya, tsaye nake miƙewa in amsa. Yau ga ni da hular ɗan acaɓa, ido a zare, don idon ma ya ƙi komawa daidai. Na zube ƙasa zan gaishe shi, gwiwata ta take bakin ƙyallen, ƙyallen ya shaƙe ni, kaina ya yi gaba, hula ta faɗo daidai kan takalminsa. Ga rabin kai fes yana sheƙi, ga rabi baƙi ƙirin. Na buɗe baki na ce, "Baba, barka da yamma, an zo lafiya?" Maƙogwaro bai saki ba. Da muryar Ibro gaisuwar ta fito. Tun daga barka har lafiya.

Wani a bayana ya yi wani irin sauti ta hanci ya fita waje da sauri.

Alhaji bai yi dariya ba, bai ɗaure fuska ba, kuma da ya yi ɗaya daga ciki da na samu sauƙi. Ya sunkuya ya ɗauki hular, ya kaɗe ta, ya miƙo min. Ya ce, "Lafiya lau, Malam. Ai da ka ƙarasa." Ya ɗan yi shiru, sannan ya ƙara da cewa, "Sai dai marigayin ba ya ɗaga kafaɗa haka. Ka cika yawa." Wato ba kama ni kaɗai aka yi ba, har gyara aka yi min. Ɗana kuma ya ja rigar kakansa ya ce, "Kullum ma yana yi a gida."

Amma duk wannan ba shi ke cina ba. Mai askin nan ne. Madubi ne a gabansa bango guda, ƙofa tana ciki tar. Ya ga tsayuwar Alhaji tun ina kashi na farko, da bakinsa ya faɗa daga baya. Wai ya yi min tari. Tari! Mutumin da in Arsenal ta ci ƙwallo ana jin ihunsa har bakin titi, ranar ce muryarsa ta koma tari. Shekara da shekaru ina kai masa kaina, injinsa na cizo ina haƙuri, janaretonsa kullum ba mai, a yi maka rabin aski a ce ka jira wuta, ban taɓa kai ƙararsa ko'ina ba. Akwai canjina na ɗari biyu a wurinsa tun kafin azumi, ban tambaya ba. Sunana kawai zai kira, ko ya taka min ƙafa. Ya tsaya riƙe da buroshi yana kallo, don shi ma so yake ya ga ƙarshen fim.

Kuma da Alhaji ya ce tunda ya zo bari a ɗan rage masa gemu, wa ya yi saurin karkaɗe kujera? Shi. Kujerata. Na koma benci kusa da yaron TikTok, da rabin kai, riƙe da hular surukina a cinya, ina sauraron Alhaji yana ba mai aski labarin cewa su a zamaninsu Samanja suka sani da Ƙasimu Yero, a talabijin ta Kaduna, kuma Samanja sojan gaske ne kafin ya zama na wasa. Mai aski yana ta "ƙwarai, Baba", shi da ko Samanja bai taɓa kallo ba.

Yaron ya matso ya raɗa min wai in sake yi ya ɗauka a waya, zai samu masu kallo. Ban ko dube shi ba.

Uwargida ta riga ta ji kafin in isa gida, ƙannenta ma sun ji, yanzu in na shiga gidansu sai in ga ana ta shigewa ɗaki ɗaya bayan ɗaya. Na canza shagon aski, na koma na bayan masallaci. Shi kuma wannan bai iya gyaran fuska ba, ga tsada. Ɗan acaɓan ma ya aiko wai na buɗa masa hula.