Kada kwalbar Bature ta sa ka raina kanka

Akwai wata kunya da nake gani a fuskar wasu 'yan'uwanmu da suka zo karatu ko aiki Faransa, kuma ta daɗe tana ci mini tuwo a ƙwarya. Abokin aiki ya gayyaci mutum cin abincin dare a gidansa, an yi girki na gani na faɗa, dangi da abokai sun kewaye tebur, sai maigida ya ɗauko kwalbar giyar inabi yana karanta wa jama'a sunan gonar da shekarar girbi. Nan take ɗan'uwanmu zai sha jinin jikinsa. Wani ya ce cikinsa ke ciwo, wani ya ce magani yake sha, wani ya bari a zuba masa ya riƙe kofin a hannu har a watse. Ji yake shi kaɗai ne baƙauye a cikin wayayyu. Ni a ganina wannan kunyar ba ta da tushe, kuma rashin sanin abin da ake yi a teburin ne ke haifar da ita.

To bari in faɗa muku abin da ake yi. Galibi daren Juma'a ne ko na Asabar, wajen ƙarfe takwas. Ba a zarcewa tebur kai tsaye. Za a fara zama a falo da ɗan abin taɓawa, zaitun da gyaɗa da yankakken cuku, ana jiran wanda ya makara. Sannan a koma tebur, abinci ya riƙa zuwa kashi-kashi: miya ko salak, sai nama ko kifi da ganye, sai farantin cuku da burodi, sai kayan zaƙi. Kowane kashi da kwalbarsa. Farar giya ta bi kifi, ja ta bi jan nama. Maigida zai zare toshiyar kwalbar, ya shinshina ta, ya fara ɗiga wa kansa kaɗan kafin kowa. Ba rowa ba ce. Wani lokaci toshiyar kan ɓata abin da ke ciki ya riƙa warin jiƙaƙƙen kwali, to gara ya fara faɗawa bakin mai gida. In ya gyaɗa kai sai a zagaya da ita. Ana riƙe kofin ta siririyar ƙafarsa don kada ɗumin hannu ya taɓa abin, a ɗaga shi a haske, a jujjuya, a cusa hanci, a kurɓa kaɗan a wana a baki. Daga nan musu ya tashi. Wannan ya ce ƙanshin 'ya'yan itace yake ji, wancan ya ce a'a, fata ce da ƙasa bayan ruwan sama, kakar gidan ta ce duk surutu ne, ta bara ta fi. Haka za a kai sha biyun dare. A 2010 hukumar UNESCO ta sa wannan tsarin cin abinci na Faransawa cikin jerin al'adun duniya da ya kamata a adana, kuma haɗa kowane abinci da giyar da ta dace da shi na cikin abin da aka rubuta.

Tsakani da Allah, akwai ilimi na gaske a cikin zancen, kuma ilimin manomi ne. A yankin Bordo, kogi ne ya raba gonakin. Ɓangaren Médoc tsakuwa ce, ruwa ba ya kwanciya, rana na gasa ta, don haka inabin Cabernet Sauvignon mai jinkirin nuna ya fi karɓuwa a can. Tsallaken kogi, wajen Saint-Émilion, laka ce da farin dutse, sai Merlot ya fi yawa. Shekarar da ke jikin kwalba shekarar girbi ce, shi ya sa suke tuna zafin 2003 da sanyin da ya ƙone tohon inabi a watan Afrilun 2021 yadda manomi ke tuna shekarar fari. Launin ja daga ɓawon inabin yake fitowa, ba daga ruwansa ba, har ma ana yin farar giya da baƙin inabi in an tace ɓawon da wuri. A ɓawon da ƙwallon ne kuma baurin yake, irin wanda goro ke bari a harshe, kuma maiƙon nama na kwantar da shi. Dalilin haɗa ja da nama ke nan, ba wani sirri ba. Tun 1935 suka kafa dokar da ta ce ba ka isa ka liƙa sunan yanki a kwalba ba sai a yankin aka noma, da irin inabin da aka amince, bisa ƙa'idar da aka gindaya. Wannan kam na yaba musu. Mutum ya san gonar da abin da ke gabansa ya fito, har ya san ko wane gefen tudu take.

Amma ku ji inda tinƙahon yake tsaye. Daga shekarun 1860 wani ɗan ƙwaro da ake kira phylloxera ya shigo daga Amurka ya riƙa cin saiwar inabi, ya kusa share gonakin Faransa kaf. Maganin da ya yi aiki shi ne a ɗauko saiwar inabin Amurka, wadda ƙwaron ba ya iya kashewa, a ɗaura mata reshen na Faransa. Har gobe kusan duk gonar da suke alfahari da ita a kan saiwar Amurka take zaune. Kuma kafin Aljeriya ta sami 'yanci a 1962, ita ce ƙasar da ta fi kowacce fitar da giyar inabi a duniya, ƙasar da mafi yawan mutanenta ba sa sha. Jiragen ruwa ke kwaso ta zuwa Faransa a gauraya da tasu don ta ƙara ƙarfi da launi. Ban cika jin an tayar da wannan zancen a tebur ba.

Sauran kuwa akwai burga a ciki, kuma su da kansu suka tona. Jerin darajar manyan gonakin Bordo da ake rantsuwa da shi an tsara shi ne a 1855, zamanin Napoleon na Uku, saboda baje kolin duniya da aka yi a Paris. Dillalai ne suka jera, kuma farashin kasuwa suka bi. Tun daga lokacin babban sauyi ɗaya aka yi, a 1973, da aka ɗaga gonar Mouton Rothschild zuwa sahun farko. Gonaki sun sauya hannu, an faɗaɗa wasu, an sayar da wasu, jerin yana nan yadda yake. A 1976 wani ɗan kasuwa Baturen Ingila mai suna Steven Spurrier ya tara ƙwararrun Faransa a Paris, ya ba su giyar Faransa da ta jihar Kalifoniya ta Amurka su ɗanɗana ba tare da sun ga kwalba ba. Da aka tattara maki, ta Kalifoniya ce ta zo ta ɗaya, a fara da ja duka. Abin bai yi musu daɗi ba ko kaɗan. Wanda ya fi ba ni dariya shi ne na 2001 a jami'ar Bordo, inda Frédéric Brochet da abokan bincikensa suka zuba wa farar giya jan launi marar ƙanshi suka miƙa wa ɗalibai 54 masu karatun wannan fanni. Sai ga su suna siffanta ta da kalmomin da ake siffanta ja. Ido ya riga hanci yanke hukunci. Ba ina cewa duk ƙarya suke yi ba, akwai masu hanci na gaske. Amma mutumin da ke gefenka yana lumshe ido yana lissafo ƙamshi bakwai, sau da yawa takardar jikin kwalbar ce ke yi masa magana, da kuɗin da ya san an kashe.

Wani yaro ɗan Damagaram da ke karatu a nan ya taɓa ce mini, “Yaya, ni fa ba sha'awar abin nake ba, wallahi. Kawai dai in na ce ba na sha sai in ga kamar na ɓata musu taro.” Na ce masa, “Ƙanena, ɗaga kai ka dubi teburin da kyau, ka ƙirga kofunan da ba a taɓa ba.” Domin Faransar da yake tsoro ta kakanninsu ce. A farkon shekarun 1960 abin da Bafaranshe ɗaya ke sha a shekara, in an raba, ya haura lita 100. Yanzu bai wuce wajen lita 40 ba. Ƙasar da sai a 1956 aka hana ba yara 'yan ƙasa da shekara 14 giya a ɗakin cin abincin makaranta, yau ita ce gwamnati ke biyan manoman Bordo su tumɓuke dubban kadada na inabi saboda babu masu saye. Matasansu da yawa ba ruwansu da ita. A kusan kowane tebur za ka tarar da mai juna biyu, da wanda likita ya hana, da wanda ya daina don ta taɓa kayar da shi, da wanda zai tuƙa mota. Wannan na ƙarshen har suna gare shi a tallan hukumar kiyaye haɗurra, Sam, wanda ba ya sha don ya mayar da saura gida. Ba wanda ke kallon ɗayansu a matsayin baƙauye.

Kuma sun san kuɗin da suke biya. Hukumar lafiyar jama'a ta ƙasar ta ƙiyasta cewa barasa ta yi sanadin mutuwar mutum dubu 41 a 2015 kaɗai. Tun 1991 dokar Évin ta taƙaita tallanta, ba a yin sa a talabijin. Shawarar da hukuma ke ba masu sha ita ce kada a wuce kofi biyu a rana, kuma ba kullum ba. A farkon 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fito ƙarara ta ce babu wani adadin barasa da za a ce ba shi da illa. Tsohon zancen nan na cewa kofi ɗaya na ja yana gyara zuciya, yanzu ko a teburin sai ka ji wani ya yi dariya in an faɗa.

Batun addini kuwa ba sai na tsaya dogon bayani ba, hukuncin giya a bayyane yake ga kowane Musulmi. Malamai ma suna kawo hadisin da ya hana zama a teburin da ake zagayawa da ita, don haka wanda ya ce shi ba zai je ba sam, yana da hujjarsa, kuma ban ga dalilin da wani zai kira shi mai tsauri ba. Ni ba mai ba da fatawa ba ne. Maganata da wanda zama ya riga ya kama shi ne, ko don surukuta, ko maƙwabtaka, ko maigidansa na wurin aiki. In dai ka zauna, to zauna da mutuncinka. “Na gode, ba na sha.” Shi ke nan. Kada ka ƙirƙiro ciwon ciki, domin wata mai zuwa za a tambaye ka ko ka warke a sake miƙo kwalbar. Akwai masu naci, ba na musu, irin kawun nan da ke cewa ɗan ɗanɗane ai ba sha ba ne. Murmushi da maimaita jumlar nan sau ɗaya ya ishe shi. Mafi yawansu kuma da sun ji, sai ka ga an tashi ana neman abin da za a ba ka, ruwa mai gas ko matsattsen tuffa, har da ban haƙuri. Wanda ke ɓoye-ɓoye shi ke sa maigida cikin ruɗu.

Abin da na fi so mu ɗauka daga wurinsu ba ya cikin kwalba. Cikin ƙasashen ƙungiyar OECD, wadda galibin mambobinta ƙasashe ne masu ƙarfin tattalin arziki, Faransawa ne suka fi daɗewa a kan abinci, sama da awa biyu a rana. Wanda ya yi girki ana tambayarsa yadda ya yi, a wace kasuwa ya samo naman, me ya sa a miyar. Yaro ɗan shekara goma yana zaune ana tambayarsa me ya ji a bakinsa, kuma ana sauraron amsarsa. Wannan hirar kana da cikakken rabo a cikinta ko da ruwan famfo ne a gabanka. Ka tambayi maigida me ya bambanta gonar nan da waccan, zai yi rabin awa yana bayani yana jin daɗi, ba zai ma tuna kofinka ba. Ranar da ka rama gayyatar kuma gidanka ne, dokarka ce. Ka faɗa musu tun da wuri kada su wahalar da kansu da kawo kwalba, tunda al'adarsu ce baƙo ya zo da ita. Zoɓo mai citta da kanumfari ba baƙo ba ne a wurin da yawansu, sun san shi ta hannun 'yan Senegal.

Inda gizo ke saƙar ma ba a kofi ba ne, a tukunya ne, kuma nan ne mutanenmu suka fi faɗawa ba su sani ba. Manyan girke-girken gida na Faransa da dama da giya ake dafa su. Boeuf bourguignon naman sa ne da aka bari ya yi awanni yana dahuwa cikin jar giya, galibi ma da 'yan gutsattsarin naman alade a ciki. Coq au vin kaza ce da aka yi wa haka. Narkakken cukun nan da ake tsoma burodi a lokacin sanyi, da farar giya ake narka shi. Kifi da shinkafar risotto ma sau da yawa an ɗan tsiyaya musu. Uwargida za ta ce maka da zuciya ɗaya ai wuta ta kore barasar, domin haka ita ma aka gaya mata. Ba duka take tafiya ba. Gwajin da ma'aikatar noma ta Amurka ta dogara da shi ya nuna bayan minti 15 ana dahuwa kusan kashi 40 cikin ɗari na nan, bayan awa biyu da rabi ma akwai saura wajen kashi 5. Kayan zaƙi su ma a yi hattara: baba au rhum sunansa ya faɗi abin da ke ciki, don rhum barasa ce, tiramisu wasu na zuba masa, akwai kuma cakulan da ake ɗura wa barasa a tsakiya, wanda ke yawo a gidaje lokacin Kirsimeti. Don haka lokacin magana shi ne ranar da aka gayyace ka, a waya ko a saƙo, kafin a je cefane: ba na shan giya, ba na cin abin da aka dafa da ita, ba na cin alade. Matar da ta jiƙa nama cikin giya tun daren jiya, ta wuni tana juya tukunya, sannan ka ture farantin bayan an zuba, ita ce za ta ji ciwo da gaske, kuma tana da gaskiya.