"Kun gane?" ba tambaya ba ce

Wallahi tun ranar Asabar maganar nan take cina. Takardar jarrabawar lissafin ɗan ƙanwata na gani, ta ɗaga mini hankali. Yara sittin da wani abu a aji biyar, kusan dukkansu amsa ɗaya suka rubuta, kuma amsar ba daidai ba ce. Da aka zo taron iyaye da malamai aka tambayi malamin lissafi me ya faru, sai ya gyara zama ya ce, "Ni fa na koyar da su, na tambaye su ko sun gane, suka ce sun gane."

To madalla, Malam. Allah Ya saka da alheri. Shari'a ta ƙare, kowa ya kama gabansa. Tun da sun ce sun gane, laifin takarda ne.

Jama'a, "kun gane?" ba tambaya ba ce. Waƙa ce, kuma yara 'yan amshi ne. Ka tsaya gaban aji da bulala a hammata, saura minti biyu a tashi tara, mai ƙosai ta riga ta iso bakin ƙofa, ka ce "kun gane?" Me kake jiran ji ban da "Eeeeh Malam!" Ko da Sinanci ka yi darasin, amshin da za ka samu ke nan.

Kuma mu muka yi musu wannan tarbiyya. Tun yaro yana rarrafe muke koya masa cewa ba a musu da babba, ba a haɗa ido da shi. A kunnen ɗan shekara goma, "ban gane ba" daidai take da "Malam, ba ka iya ba." Wane ɗan halas ne zai faɗi haka gaban mutum sittin, a yi masa dariya har gida? Yarinyar da ke can layin baya, wadda ko sunanta aka kira sai ta ja hijabi ta rufe baki, ita ce za ta ɗaga hannu ta ce a sake? Haba.

Ku dubi tambayar da ta kayar da su: 1/2 a tara da 1/3. Suka rubuta 2/5. Sun tara na sama da na sama, na ƙasa da na ƙasa. Wannan ba daƙiƙanci ba ne, yaran sun bi wata ƙa'ida da suka ƙirƙira wa kansu, kuma a wurinsu sun gane ɗin da gaske. Ba ƙarya suka yi wa malam ba. Abin da suka gane ne ba shi ba ne. Da malamin ya rubuta amsoshi uku a allo, 2/5 da 5/6 da 2/6, ya ce kowa ya nuna yatsa ɗaya ko biyu ko uku a ƙirjinsa, ba a sama ba don kada a kwaikwayi na gaba, da cikin rabin minti ya ga dajin yatsa ɗaya ya san akwai gyara. Sai ya ce musu: an auna maka rabin mudu, an ƙara maka sulusi, ka duba ka ga bai ma kai rabi ba, wane irin mai awo ne wannan? Duk yaron da aka taɓa aika kasuwa zai yi dariya, kuma ba zai sake mantawa ba. Rabin minti. Maimakon haka aka bar kuskuren ya kwana, ya yi sati shida yana girma, sai ranar jarrabawa aka gano shi da jan biro.

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne ba baƙon ilimi ba ne a wurinmu. Ku tuna makarantar allo. Akwai alaramman da ya taɓa tsayawa ya ce wa almajirai "kun haddace?" su ce "eh", ya ce to ku je ku wanke? Ba a yi shi ba. Sai ka zo da allonka, ka durƙusa, ka biya. Ka yi tuntuɓe a aya ɗaya, ka koma. Ba ka wanke allo sai malam ya ji da kunnensa. Yanzu a Ingila malamai suna raba wa yara ƙananan fararen alluna, kowa ya rubuta amsa ya ɗaga a lokaci guda, ana ta shirya taron bita a kai kamar sabon abu. Mu da muka gaji allo kaka da kakanni, mu ne muka koma "kun gane?"

Na san abin da za a ce. Aji ya cika, wani ajin mutum ɗari ne har da ɗoriya, wasu a ƙasa suke zaune. Na sani, na shiga irinsa. Amma cikar ajin ita ce ma dalili. Mai yara goma yana iya karanta fuska. Mai yara ɗari ba shi da wata hanya sai ya sa kowa ya nuna amsa a lokaci ɗaya. Za a ce babu kayan aiki. Yatsa sayensa ake yi? Bayan littafin rubutu fa? Kwalin taliya da guntun alli fa? Za a ce albashi. Gaskiya ne, albashin malamin firamare abin kunya ne, kuma na sha faɗa. Sai dai numfashin da ka kashe wajen cewa "kun gane?" shi za ka kashe wajen cewa "kowa ya rubuta ya ɗaga." Ba a ƙara maka aiki ba. Masu cewa manhaja tana da yawa, lokaci ba ya isa, ku yi haƙuri, gama manhaja da yaran da aka bari tun shafi na uku gudun fanfalaƙi ne.

Wani kuma zai ce ai shi yana yin tambayoyi. Eh, kana yi. Wa ke amsawa? Yaran nan uku na layin gaba, ɗan malamin asibiti da monita da wata mai baki. Kafin ka rufe baki hannunsu na sama, ka ce a tafa musu, ka wuce. Ka auna mutum uku ka yanke wa sittin hukunci. Wata mai bincike a Amurka, Mary Budd Rowe, ta auna wannan tun wajen 1972: ta samu malamai ba sa jira fiye da kimanin daƙiƙa ɗaya bayan sun yi tambaya, kuma idan suka daure suka kai uku, amsoshi suna tsawo, waɗanda ba sa magana suna fara yi. Daƙiƙa uku. Ka yi tambaya, ka hana ɗaga hannu, ka yi shiru, sannan ka zaro suna daga gwangwanin da ka zuba sunayen yaran a ciki. Ko minti uku na ƙarshe ka ba da tambaya ɗaya tak, kowa ya yago 'yar takarda ya amsa ya miƙa maka a bakin ƙofa. Ba maki za ka ba su ba, kashi biyu za ka raba, waɗanda suka dace da waɗanda suka kuskure, ka san da me za ka fara gobe.

Ba don in ci mutuncin malamin nan nake rubutu ba, Allah Ya sani. Ni ma na riƙe alli shekaru, kuma na faɗi kalmar nan sau dubu nawa. Ina jin daɗin amshin, yana sanyaya zuciya, ka fita aji kana jin ka yi aiki. Akwai yaron da na koyar shekara guda cur, mai ladabi, kullum yana gyaɗa kai, sai a zango na uku na gano ko sunansa ba ya iya karantawa, zana shi yake yi kamar hoto. Har yau idan na tuna sai in ji nauyi a ƙirjina. Bai taɓa ce mini bai gane ba. Ni ne ban taɓa neman ya nuna mini ba.