Kuɗin jinyar tsofaffin sojojin Amurka: akwai su, amma kafin ka kai gare su ka sha wuya

A Amurka tsufa tsada ne da shi. Tsoho in ya kai matsayin da ba ya iya wanka da kansa, ko saka riga, ko zuwa bayi, 'ya'ya kuma kowa na wata jiha yana fama da aikinsa, to sai dai a ɗauko mai jinya a riƙa biyanta awa-awa, ko a kwashe shi a kai gidan tsofaffi, wanda kuma galibinsu ba sa ƙauna.

Don irin wannan ne ma'aikatar tsofaffin sojoji, wadda suke ce wa VA, take da wani ƙari da ake ɗorawa kan fansho mai suna Aid and Attendance. Kuɗin ba na wasa ba ne, tsohon soja shi kaɗai zai iya samun sama da dala 2,000 a wata, ba haraji, kuma matar da mijinta soja ya rasu ita ma tana iya nema. Abin da ya fi burge ni shi ne ba a ce lallai sai ma'aikaciyar kamfani ba, 'yarka ko jikanka in shi ke ɗawainiyarka za ka iya biyansa, a lissafa kuɗin cikin na jinya. Wannan kam sun yi daidai, don wanda ya ajiye aikinsa ya zauna yana juya mahaifinsa a gado da tsakar dare aiki yake yi, ai ba kyauta ba ce.

To amma fa sharuɗɗan. Wanda ya shiga soja kafin Satumban 1980 sai ya yi kwana 90 yana aiki, aƙalla kwana ɗaya a cikin lokacin yaƙi, irin na Koriya ko Bietnam, ko da bai taɓa taka filin daga ba. Wanda aikinsa duk ya faɗo a lokacin zaman lafiya, sai haƙuri, ko da kuwa ciwonsa ɗaya da na maƙwabcinsa. Sannan likita ya cike fom mai lamba 21-2680, a nemo takardar sallama daga soja wadda wani rabonsa da ganinta tun 1970, a haɗa rasit-rasit na magani da na mai jinya, a tura, a zauna jira wata da watanni. Kuma wa ake so ya yi duk wannan? Mutumin da ake ba shi kuɗin saboda ba ya iya ɓalle maɓallin rigarsa.

Inda duk hanya ta yi wuya dillalai ba sa rasa shigowa. A 2012 ofishin binciken gwamnati na GAO ya gano kamfanoni sama da 200 masu tallar wai za su gyara wa tsoho dukiyarsa ya cancanci fanshon, a zahiri kuwa wasu kulle masa kuɗi suke yi a inshorar da ba zai iya taɓawa ba sai bayan shekaru, su ci kamasho su wuce. Shi ya sa daga Oktoban 2018 aka sa doka, akwai iyakar dukiya, wadda ta fara daga dala 123,600 tana ƙaruwa duk shekara, ban da gidan zama da mota, kuma ana duba baya shekara 3 ko ka kyautar da wani abu, in an kama, ana iya hana ka fanshon har shekara 5.

Ban ce dokar ba ta da hujja ba, fanshon na mabuƙata ne, mai hali bai kamata ya ɓoye dukiya ya zo ya shiga layi ba. Sai dai dillalin ya riga ya ci nasa, tsohon da aka yaudara shi ke zaman hukunci.

Ni a ganina gyaran na hannun VA. Suna da sunayen ɗimbin tsofaffin sojoji da shekarunsu, da yawa ma a asibitocinsu ake duba su, me zai hana likitan da ya ga tsoho ya fara gazawa ya buɗe masa fayil nan take? Kafin a kai nan, iyalai su sani doka ta hana a caji kuɗi don cike takardar neman fanshon a karon farko, kuma ƙungiyoyin tsofaffin sojoji irin su American Legion da VFW da DAV suna yi kyauta. Duk wanda ya ce a fara biyansa tukuna, a nuna masa ƙofa.