Ƙannena masu keken ɗinki a ɗaka, dan Allah ku daina kashe shi da hannunku

Assalamu alaikum 'yan uwa. Yau da ƙannena mata nake, masu keken ɗinki a gida, har da samarin da ke koyon aiki a shagon oga, dan abin da nake gani yana ci min rai wallahi. Yarinya iyayenta sun takura kansu sun sai mata keke, wata mijinta ne ya haɗa kuɗin da ƙyar, wata kuma a shirin koyar da sana'a ta samu, amma ki shiga ɗakin ki ga keken nan a buɗe ƙura ta lulluɓe shi, an ɗora kwanon abinci a kan teburin, yara na wasa da fedar kamar lilo. In ya fara tsallake ɗinki ko yana tsinka zare sai a ce ai keken yanzu ba ƙarko, ko a ce hannu aka sa mata. Ba wanda ya sa miki hannu ƙanwata, datti ne da rashin mai.

Ku duba baƙaƙen kekunan nan na iyayenmu, Singer da Butterfly, wasu sun girme mu amma har yau suna ɗinka shadda ba gardama. Ƙarfe ne zalla, abin da yake nema kaɗan ne, a share shi a ɗiga masa mai a rufe shi. Ku je kasuwa ku tambayi kuɗin sabo yanzu sannan ku dawo mu yi magana.

Shara tukunna kafin mai, wannan ki riƙe shi da kyau. Duk yadin da kika ɗinka yana zubar da gashi-gashi, atamfa da shadda kuma ga sitati, duk suna taruwa a ƙarƙashin farantin da allura ke shiga, tsakanin haƙoran da ke jan yadi, da cikin gidan ƙoshiya, wato inda zaren ƙasa ke zama. In kika zuba mai a kan wannan dattin kin dama taɓo kenan, zai daskare ya riƙe keken, ki ji feda ta yi nauyi kina ta fama ƙafa na ciwo. Toh ki cire allura, ki zare ƙoshiya da ƙwarƙwaron da ake naɗa zaren ƙasa a jikinsa, ki sa sukundireba ki kwance farantin nan, ki samu tsohon buroshin haƙori busasshe ki bi tsakanin haƙoran ki fito da dattin waje. Za ki sha mamakin abin da zai fito, wani har ya dunƙule ya yi tauri. Kar ki hura da baki, iskar baki da danshi take zuwa kuma ƙara tura dattin ciki take yi. Sai ki kwantar da kan keken baya ki leƙa ƙasansa, ki goge da tsumma mai laushi, in akwai guntun zare da ya naɗe a wani wuri ki ciro shi a hankali. In na lantarki ne ki zare shi daga soket kafin ki taɓa komai, kin san halin wutarmu, tana iya dawowa yatsanki na ƙarƙashin allura.

Sai maganar mai, nan ne aka fi ɓarna. Man keke daban yake, fari ne tas, ruwa-ruwa, ana sai da shi a 'yar gora duk inda ake sai da zare da allura, kuma ba wani tsada ne da shi ba in aka kwatanta da kuɗin mai gyara. Amma sai ki ga mutum man keke ya ƙare ya ɗauko man gyaɗa, ko man ja, ko baƙin mai na babur, wai ai mai mai ne. Haba dan Allah. Man girki in ya kwana biyu a jikin ƙarfe danƙo yake zama, ya kama ƙura, ya liƙe komai, wata rana ki zo ki juya keken ya ƙi motsi sam. Baƙin mai kuma ya yi kauri, ga shi in ya taɓa farar shaddar mutane ana gobe Sallah ba ki da bakin ba da haƙuri, kuma haƙƙin mai kaya yana kanki. In ma an riga an yi wannan kuskuren keken ya ƙame, kananzir kaɗan yana narkar da danƙon, amma shi wanki kawai yake, bayan ya bushe dole ki bi da man keke na gaskiya.

Kuma ba kwarara ake ba, ɗigo ɗaya ne a kowane gurbi. Ƙananan ramukan nan da kike gani a saman kan keken dan mai aka yi su, sai sandar da ke riƙe allura, sai inda ƙoshiya ke kai da komowa, sai gaɓoɓin da ke ƙasa duk inda ƙarfe ke gogar ƙarfe, in na ƙafa ne har da gaɓoɓin feda da babbar tayar ƙasa da kowa ke mantawa da su sai sun fara ƙara. Wuraren da mai bai zuwa kuma su ne bel, da faya-fayan nan da ke matse zaren sama, da cikin motar da ke juya keken in na wuta ne. Bel in ya sha mai santsi zai riƙa yi. In kin gama ki juya keken ba zare na ɗan lokaci mai ya ratsa, ki goge wanda ya tsatso, ki fara ɗinka wani ƙyalle mara amfani har sai kin ga ba tabo kafin ki ɗora kayan mutane. Mai ɗinki kullum ta riƙa share gidan ƙoshiya in ta tashi aiki, mai kuma ko sau ɗaya a sati, wadda ke taɓawa jefi-jefi ita ma kar ta bar shi wata da watanni ba a juya shi ba. Lokacin hunturu ƙura ta fi yawa sai a ƙara yawan shara, da damina kuma tsatsa ake gudu, kar a jingina shi da bango mai danshi ko kusa da tagar da feshin ruwa ke shigowa.

Allura ma ana zaluntarta. Sai ta karye ake canzawa, alhali tun da ta dakushe ko ta ɗan lanƙwashe take jan zaren yadi tana tsallake ɗinki, kina jin wani tas-tas in tana huda. Ki ajiye lamba 14 dan atamfa da yadi na yau da kullum, 16 ko 18 dan mai kauri irin jins, 11 dan mai laushi kamar mayafi. Wajen sawa ki tura ta har ƙarshe ki ɗaure, gefen da ke da dogon kwari ya kalli inda zare ke shigowa. Kuma ki daina fizgar yadi ta baya kina ɗinki, aikin haƙora ne su ja, ke daidaitawa kawai za ki yi, fizgar nan ce ke lanƙwasa allura ta daki faranti ko ta karce ƙoshiya, daga nan zare ya dinga tsinkewa kina zargin mai sai da zare.

Ku samari 'yan koyo, keken oga amana ce a hannunku, ba dan ba naka bane za ka tashi ka bar shi yadda ka ga dama, yadda ka riƙe na wani haka hannunka zai saba in Allah ya ba ka naka. Kuma duk ku kiyayi kwance abin da ba ku sani ba, in kin share kin sa mai kin canza allura kin sake zira zare daga farko amma har yanzu ƙoshiya ba ta ɗaukar zare, toh saitin ciki ne ya goce, ki kai wa mai gyara, kar ki bari sai azumi ya raba tsakiya lokacin da layi ya yi masa yawa.

In kin tashi aiki ki sa ɗan ƙyalle a ƙarƙashin ƙafar da ke danne yadi ki sauke ta, ki zame bel ɗin saboda yara, ki rufe kan keken. In ba ki da marufi, ragowar atamfa na nan cike da buhu a gefenki, ki ɗinka masa riga yau ɗin nan kafin ki kwanta. Allah ya sa wa sana'ar albarka.