Ba horo ne kaɗai matsalar ba

Wani labari da na karanta ya ɗora ƙarancin mata a aikin kwamfuta kan rashin horo. Ni dai ban gamsu ba. Tun 2023 shirin 3MTT na gwamnatin Najeriya yake horar da matasa kan fasahar kwamfuta, har da mata, amma zaman ofis ɗin fa? Ƙanwata tana rubuta manhaja a wani kamfani a Abuja. Sai a sa taro ƙarfe tara na dare, in ba ta samu dama ba a ce ba ta da himma. Ta kawo shawara a yi gum, namiji ya maimaita a yaba masa. Da ta dawo daga hutun haihuwa na mako 12 da doka ta ba ta, tuni an miƙa aikinta ga wani, ita kuma aka bar ta da rubuta rahoton taro.