Ba korona kaɗai ta rufe mashayun Ingila ba

Wasu sun ɗora wa korona laifin mutuwar mashayun unguwa a Ingila, alhali tun kafin 2020 ake ta rufe su. An hana shan taba a cikinsu a 2007, ga haraji, ga kuɗin haya da na wuta, ga giya mai araha a manyan kantuna, sai mutane suka koma sha a gida. Ni ba na shan giya, ba kuma kare ta nake yi ba. Tsofaffin unguwarmu a nan Bradford nake tausayi: mashayar unguwar ce majalisarsu, can suke kallon ƙwallo su yi hira. Yanzu an mai da wurin gidajen haya. Duk mai cewa gara da aka rufe, ya faɗa mini: dattijon da ke zaune shi kaɗai ina zai je?