Ba Mamaci Ke Ba Su Labari Ba

Mutane da yawa sun ɗauka masu da'awar magana da matattu daga lahira suke karɓo saƙo. Daga wurin mai tambaya suke tsinto shi. Za a jefo magana mai faɗi: "Ina ganin wani dattijo, sunansa ya fara da M, ciwon ƙirji ne ajalinsa." Sai a zuba maka ido. Ka gyaɗa kai, a kama nan. Ka yamutsa fuska, a ce saƙon bai fito sosai ba, a sauya harafi. Mai makoki kuwa inda aka dace yake riƙewa, ya mance kuskure goma. Wasu ma tun kafin zaman sun leƙa Facebook ɗinka.

Ƙwanƙwasar "ruhohi" da 'yan matan gidan Fox suka shahara da ita a Amurka tun 1848, ɗaya daga cikinsu, Margaret, ta amsa a 1888 cewa da gaɓar yatsan ƙafarta take yin ƙarar.